Farin Mayafin Iya Tabawa

Tun da aka shimfiɗa rumfar hayaƙi a sama don rage zafin rana, sararin Gusau ya koma ruwan ƙasa. Hukuma ta sa aka gyara launin tsofaffin bidiyo duka, wai kada mutane su riƙa kewa.

Iya Tabawa kaɗai ta nace cewa sama shuɗiya ce a da. Ɗanta Sallau ya ce ruɗin tsufa ne, gobe zai kai ta gidan masu mantuwa. Sai ta ja shi shagon Ɗanliti mai gyaran bidiyo, riƙe da bidiyon bikinta.

Aka kunna. Ga amarya, ga sama ruwan ƙasa.

"Kin gani ko, Iya?" in ji Sallau.

"Na gani. Ni Tabawa, ranar aurena, da mayafi kalar kunu? Uwata da kanta ta sa masa bula ya yi fari fat!"

Ɗanliti ya leƙa waje, ya saki labule. "Injin nan, Iya, in an nuna masa abu an ce fari ne, sauran launuka bin sa suke yi."

"To, gaya wa injin mayafina fari ne," in ji Iya.

Ɗanliti ya ɗora kibiyar allo a kan mayafin, ya danna. Mayafi ya yi fari fat, lalle ya yi ja, bishiyar darbejiya ta yi kore shar, sama kuwa ta buɗe shuɗiya har ƙarshen allo.

Sallau ya durƙusa, baki buɗe.

Iya ta gyara zama. "Tashi, kira matarka ta zo ta gani. Ka ce ta kwance kayana da ta ɗaure."