Jar Motar Hussaini

"Mota mai kujera biyu? Innarka a ina za ta zauna, a kan rufi?"

Alhaji Maikasuwa ya buga sandarsa a ƙasa. Ɗansa Hussaini, malamin gona a Kazaure, yana durƙushe gefen jar motar da ya sayo da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata.

"Baba, ba ka ji yadda take gudu ba..."

"Rufe min baki! Fijo na ce ka saya, ita ce ko bayan shekara goma da darajarta. Wannan kuwa, ramukan hanyar Roni za su cinye ta kafin kaka. Kawo makulli, da kaina zan mayar musu da ita Kano."

Hussaini ya miƙa masa makullin cikin takaici.

A rana ta uku ya ji rurin injin da ya sani. Jar motar ce ta tsaya cak a ƙofar gida. Alhaji ya leƙo ta tagarta, ba hula, idanu na ƙyalli, ya jefo masa makullin tsohuwar Fijonsa.

"Riƙe wannan. Kai yaro ne, mai ƙarko kake buƙata. Ni shekara nawa suka rage min?"