Mai Shuɗin Kai

Na yi fito sau uku, kurmi shiru. Cikin bukkar ganyen da muke laɓe, baƙon da na kawo ɗaukar hoto ya sauke kyamara.

"Baba, tun daga Jakarta sauro na zo ɗauka? Ina tsuntsuwar taka?"

Shekaru na yi ina zuba mata tsutsa a kututture har ta saba. In yi fito ta sauko, masu hoto su ɗauka.

Ran kasuwa na je sayen tsutsa, fiton ya suɓuce mini. Daga wani keji lulluɓe da tsumma, ta amsa.

Mai kejin ya yi dariya. "Ko wahalar da mu ba ta yi ba, Baba. Kira ɗaya ta sauko."