Fensir da Tawada

Editan ya miƙa wa tsohuwar sabon bugu, na cikar shekara hamsin da fitowar littafin zane mai labarin jarumin da ya faɗo daga wani bene a New York, ya tashi yana shawagi. Sunan mijinta ne a bango, da ruwan zinare.

"Mama, kalma biyu muke so game da marigayi. Ina ya samo fuskar jarumin nan?"

Ta buɗe shafin farko. Fuskar ƙanenta ce, wanda ya faɗo daga hawa na shida yana gyaran rufi. Shi bai tashi ba.

"A zamaninmu, wani ke zanawa da fensir, wani ya bi sawu da tawada," in ji ta. "In ta bushe, sai a goge fensirin."

"Ai marigayi duka biyun yake yi, ko?"

"Tawada dai. Fensirin nawa ne. Kamfani ya ce samari ba za su sayi zanen mace ba."

Editan ya gyara zama. "Mama, kina da shaida?"

Ta dubi yatsunta.

"Ni nake gogewa, ɗana. Kuma ban taɓa barin ko ɗigo ba."