Silifas ɗin da Ya Rage a Bakin Tafki

Ina ɗan shekara tara muna zaune a unguwar Cheras a ƙasar waje, Baba yana karatu. Wata rana da la'asar aka ce yaro ya nitse a tafkin bayan gidanmu, amma ba a san ko wane ne ba.

'Yan kwana-kwana suka zo. Da farko babbansu ya jera mu yara. Sannan ya ce kowa ya sa takalminsa daga cikin waɗanda ke zube a bakin tafkin. Muka sa. Silifas shuɗi ya rage a kan ciyawa.

Baba ya tsuguna ya ɗauka, ya ce mini, "Jiya na ɗinke wa Yayanka igiyar nan."

Yanzu ni ma aikin kwana-kwana nake yi. Duk ruwan da aka kira mu, takalman bakin gaɓa nake fara dubawa.