A Bakin Aurenki

Lantana tana da cikin wata takwas, ga Kamilu ɗan shekara huɗu, ga Fiddausi da ba a daɗe da yaye ta ba. A Nahuce suke zaune, ƙasar Bunguɗu. Mijinta Idris ɗan kasuwar hatsi ne, yau yana Gusau, gobe yana Tsafe.

Tun asuba take tashi. Ta hura wutar kara, ta dama kunu, ta ja ruwa a rijiya, ta wanke tsummokaran fitsarin yara. Kafin hantsi ta hau surfe, Fiddausi na riƙe da zanenta tana kuka. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Uwar mijinta, Inno, tana gidan, amma tsufa ya ci gwiwoyinta, sai dai ta zauna a tabarma tana ba da umarni.

Sau ɗaya Lantana ta taɓa zuwa awo. Maƙwabciyarta Delu ce ta ja ta zuwa Bunguɗu, Idris ba ya gari. Aka dace ma'aikacin da ya duba ta namiji ne. Magana ta kai majalisar su Idris, abokai suka sa shi gaba da tsiya.

"Alhajin gobe, ashe har an fara taya ka duba gona?" in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Idris ya shigo gida yana huci. Ya tsaya tsakar gida, a gaban uwarsa, ya nuna zaure da yatsa.

"Lantana, ki ji da kyau. Duk ranar da kika ƙara ƙetare wannan zaure ba da izinina ba, a bakin aurenki!"

Ta sunkuyar da kai, ta ce to.

Wata Laraba a daminar 1998 Idris ya fita zuwa Gusau. Lokacin ana fama da wahalar man fetur, mota sai ta wuni a layi. Da hantsi Lantana na jan guga sai ta ji wani abu ya tsinke mata a mara. Ta duba ƙasa, ta ga jini yana bin ƙafarta. Ta rarrafa zuwa ƙofar ɗaki.

Kukan yara ne ya jawo Delu. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Inno, wagga ba naƙuda ba ce. Jini ne. A tashi a kai ta asibiti!"

Inno ta ce, "Ke dai ba ki rabo da asibiti. A jiƙa mata rubutu, a dama kunun kanwa. Mu da muka haifi goma, wa ya kai mu?"

Delu ba ta tsaya gardama ba. Ta ruga gida ta kira mijinta Arzika, mai a-kori-kura, wanda Allah ya sa yana da sauran mai a tanki. Ya kawo motar har ƙofar gida, ya tsaya a zaure ya ɗaga murya.

"Inno, ga mota. Ki ce a ɗauke ta, ni ba ni bukatar ko na gode."

Inno ta ce, "Malam Arzika, a gabana yaron ga ya rantse. Ni ba ni kashe mai aure da bakina."

Delu ta durƙusa ta kama hannun Lantana. "Tashi mu tahi, 'yar uwa. Aure ana ɗaura wani."

Lantana ta dubi Kamilu da ya rakuɓe jikin turmi, ta dubi Fiddausi. Ta girgiza kai.

"In na hita ya sake ni, Delu. Amshe su zai yi. Wa zai riƙe min su? Bari dai ya dawo. Yanzu yana dawowa."

Aka tura mai keke bakin titi ya ba direbobi sallahu. A wancan zamani ba waya a hannun kowa. Sallahun bai iske Idris ba, domin motar da ya ɗora buhunansa tana can cikin layin mai.

Azahar ta yi, Lantana tana magana. La'asar ta yi, sai dai ta motsa leɓe. Delu ta canza mata zane har zannuwa suka ƙare. Arzika yana zaure bai tafi ba, ya rasa abin da zai yi.

Rana ta yi sanyi Idris ya iso. Ya leƙa ɗaki, ya fito da gudu yana ihu.

"Kun zauna kuna kallonta? Don Allah mi ya hana ku kai ta?"

Arzika ya ruga ya tada mota.

Aka ɗauke ta a tabarma aka sa a bayan mota, kanta bisa cinyar Delu. Ba su kai ga shiga Gusau ba Delu ta buga rufin motar ta ce a juya. Lantana ta cika, da abin da ke cikinta.

Wurin zaman makoki liman ya tambayi yadda aka yi, aka gaya masa. Ya ce ko da sakin zai auku, wajibi ne a fitar da ita, domin rai yana gaba da aure. Idris ya rufe fuska da hula, yana kuka kamar yaro.

"Malam, wallahi tsorata ta kawai na yi nufi. Ban zaci za ta riƙe maganar haka ba."

Ta riƙe kuwa. Aka kai Kamilu wurin kawunsa a Kucheri, aka bar Fiddausi a hannun Inno, tsohuwar da ba ta iya tashi ta ɗauke ta.

Ku maza, da ku nake. Kalmar saki ba bulalar tsorata mata ba ce, kuma dariyar majalisa ba ta kai ran uwar 'ya'yanka ba. Duk mai mace da ciki, kafin ya sa ƙafa waje ya faɗa da bakinsa a gaban mutanen gida: in ciwo ya taso a kai ta asibiti, kada a jira ni. Wanda ya ƙi, abin da ya biyo baya yana wuyansa.