Ɗaki Mai Kallon Teku

"Baba, duba otal ɗin!" in ji Yaya, ta miƙa masa waya. "A ƙasar waje za mu yi bikin cikarka shekara saba'in, dukkanmu. Ɗakinka ma teku yake kallo."

Watanni muka yi muna gardamar tafiyar nan ta waya, ni da Yaya da Auta. Cikinmu babu wanda ya leƙo Baba sai yau.

Baba ya shafa wayar, ya yi murmushi. "Allah ya yi muku albarka. Auta, faɗa min yadda yake."

"Ga shi nan a hannunka, Baba."

"Ai idanun sun daɗe da tafiya," ya ce a hankali. "Ban so in faɗa muku ta waya ba. Na ce bari sai kun zo."