Buhunan Gamkalle

"Ajiyarku ta fi ta maƙwabtanku nesa ba kusa ba," in ji Baturiyar, tana shafa buhu kamar mai lallashin jariri.

An aiko ta ne ta gwada hatsin ƙasashe biyu a wannan shekara ta fari, ta ga na wa ya fi raguwa. A ƙetaren iyaka sun nuna mata mangaza, ɗakin ajiyar hatsinsu, wayam. Mu kuwa masu mutunci ne. Kwana da kwanaki kamiyon soja yana kwaso rairayin kogi daga Gamkalle, ana ɗurawa a buhuna, ana jerawa a mangazarmu har rufi. Sahun gaba ne kaɗai gero.

Ni ne tafinta, kuma yunwa kan sa mutum mafarki a tsaye. Na ga tarin yana numfashi. Na ga marigayiya matata a samansa tana shiƙa, ƙaiƙayi na yawo cikin hasken taga.

Kaftin mai kula da mangazar ya taɓo ni. "Malam, me take cewa?"

"Barka take mana, ranka ya daɗe. Jirgin taimako guda ne, kuma tunda mun ƙoshi, can za a kai shi."

Da wuƙa a ƙugunsa, huda buhu ɗaya na sahun baya ya isa ya nuna mata gaskiya. Ya dubi tarin, ya gyara hula, ya miƙa mata hannu ya yi godiya.

A ƙofa, matan da suka biyo sawun kamiyon suna durƙushe, suna tankaɗe rairayin da ya zube ko za su sami gero, a hankali, da haƙuri.